Magatakarda da Baƙin Allo

Tunda ka ce zuciyarka na tafasa a kan abokin aikinka, zauna in ba ka misalin wani magatakarda. Shekara goma sha ɗaya ya yi a reshen wani kamfanin ƙyanƙyasar kaji, aikinsa shigar da odar ƴan tsaki cikin manhajar kamfanin: sunan mai kiwo, garinsa, kwali nawa yake so, ranar da mota za ta kai masa. Yatsunsa sun san madannai kamar yadda masaƙi ya san ƙoshiya, kuma duk reshen ba a yin komai sai an jira shi. Sai aka ɗauki wata mata aiki, mai shiru-shiru, aka ajiye ta a teburin da ke kusa da nasa. Mako uku tana kallon yadda yake fama. Ran nan ta buɗe wani baƙin allo marar hoto ko maɓalli, ta rubuta ƴan layukan umarni da ke ƙwanƙwasa wa manhajar ƙofa ta intanet, su nuna mabuɗin sirrin da manaja ya ba ta, su miƙa odar yini guda a tare. Abin da yake kai shi la'asar, kafin shayinta ya huce ta gama. Direbobi suka koma gaishe ta da farko. Mutumin nan in ya ji ƙarar dannawarta guda ɗaya, sai abincin da ya zo da shi daga gida ya fita masa a rai. Ta ce ya matso ta koya masa, ya ce idonsa ba ya son baƙin allo.

Da abin ya ci shi ya cinye, sai ya zauna ya rubuta takarda zuwa hedikwata, ba sa hannu, cewa wata baƙuwa ta huda manhajar kamfani ta bayan gida tana kwashe sunayen masu kiwo. Ya yi kwana huɗu yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba. Rana ta biyar babban injiniyan kamfani ya iso fuska a murtuke, ya sa aka tashe ta daga kujera, ta tsaya a gefe. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya koma farko ya sake bi. Can ya cire tabarau ya ce wa manaja, "Ai wannan ba huda ba ce. Ƙofar da masu manhajar suka gina ce don irin wannan aiki, ita ake kira API. Shekara biyu muna neman wanda zai iya shigarta." Kafin wata ya mutu an tafi da ita hedikwata, an raba rubutunta ga rassa tara. Da ba don takardar nan ba, da har yau tana wannan lungu ba wanda ya san da ita. Shi kuwa magatakarda yana nan a teburinsa, kowace safiya sai ya buɗe baƙin allo ya buga umarnin da ta rubuta, ya zauna yana kallon aikin yana yin kansa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.