Gaisuwar Kawu Ɗanlami

Tun da 'yan damfara suka koya wa injuna gaisuwar Hausa, matatar saƙonni ta waya ta koma jefa duk saƙon da ya buɗe da doguwar gaisuwa cikin kwandon shara.

Bayan rasuwar Kawu Ɗanlami, Asabe ta kai wayarta wurin Sambo mai gyara.

"Malam Sambo, duba min kwandon shara. An ce Kawu ya yi ta nemana."

Ya buɗe. Ga saƙonni jere, kansu ɗaya: "Ina gajiya, ya yara, ya ruwa?"

"Hajiya, shi ya sa. Wa ke gaisuwa yanzu in ba inji ba?"

Sai can ƙasan kowane saƙo Kawu ya ce jikin ya ɗan matsa, in ta samu sarari ta leƙo.

"In goge?"

"Bar su," in ji Asabe. "Ban amsa gaisuwar ba tukuna."