Mai Lamba Biyar a Bayan Labule

"Ni kunnena ba ya ƙarya," in ji Tjeerd Bouma, yana kakkaɓe ruwan sama daga rigarsa a ƙofar zauren kiɗa. "Ku sa mutum ya goga tsirkiya ɗaya, in gaya muku shekarunsa da abin da ya karya kumallo da shi."

Ya ja hanci, kamar yadda ya saba kafin duk wani abu mai nauyi.

Su ashirin da huɗu ne a ƙungiyar makaɗan, kuma shekara ashirin da biyu ke nan Tjeerd yana kaɗa musu biyola, gogen nan mai kaurin murya, yana kuma addabarsu. Shi ya taɓa ɓoye kifi mai gishiri a akwatin mai busa sarewa, aka yi kwana uku ana neman mushen ɓera.

Amma ba kifin ne ya ƙona musu rai ba. Kujerar da ke kusa da shi ce. Tun da abokin zamansa ya yi ritaya shekara biyu da suka wuce, babu kowa a kanta. Makaɗa biyu ne ke raba takardar kiɗa ɗaya, ɗayan ya juya shafi, ɗayan ya ci gaba. Yanzu duk ƙarshen shafi sai Tjeerd ya tsaya ya juya da kansa, sautin ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa. Sau huɗu ana gwajin ɗaukar sabon makaɗi, sau huɗu yana cewa a'a, kuma dokarsu ita ce in shugaban sashe ya ƙi, magana ta mutu, Tjeerd kuwa shi ne shugaban sashen biyola. A makon jiya manaja ya kawo ƙarshen haƙurinsa: in yau ma ba a ɗauki kowa ba, an soke kujerar.

"Laifina ne?" Tjeerd ya yi tsaki. "Yaran yanzu yatsu gare su, ba kunne."

Marijke, jagorar masu goge, wadda da kaɗa kanta kaɗai ƙungiyar ke tashi da tsayawa, ta dube shi ta saman tabarau. "To, mai kunnen zinariya, in kunnen ya yi ƙarya yau fa?"

"Na ajiye ƙuri'ata, ku ɗauki wanda kuka ga dama."

"Kowa ya ji ko?" ta ce. Kowa ya ji.

Aka zazzauna. Baƙin labule ya raba dandamali da kujerun alƙalai, an shimfiɗa darduma a bayansa don kada takun takalmi ya tona mace ce ko namiji. Ba suna, ba magana, sai lamba. Ƙararrawar tsayarwa tana hannun Tjeerd.

Lamba ɗaya, ƙararrawa. Lamba biyu, ƙararrawa. Lamba uku ta goga har mai sarewa ya lumshe ido, Marijke ta ajiye fensirinta.

"Sauri kamar mai gudun ruwan sama a kan keke," in ji Tjeerd, ya kaɗa ƙararrawa.

Wani a baya ya dafe kai. Aka ci burodi da cuku ba mai kallon wani, aka dawo. Lamba huɗu bai kai minti biyu ba.

Saura ɗaya. Mai lamba biyar ko ɗaure tsirkiya bai tsaya yi ba, kai tsaye ya faɗa cikin baitin nan mai tafiyar hawainiya da ake ba kowa. Tjeerd ya san baitin kamar yunwar cikinsa. Ko ranar Alhamis shi ya kaɗa, da Sjoerd mai naɗar sauti ya roƙe shi ya taya shi gwada sababbin na'urorinsa.

Ya karkata kunne. Fuskarsa ta fara yamutsewa. Mutumin yana jan ƙafa a inda ya kamata ya taka, yana hawa tsirkiyar sama da kyar kamar mai ciwon gwiwa a kan matakala. Kuma kafin kowane baiti, sai a ji wani dogon jan hanci.

Ya kaɗa ƙararrawa. Kiɗa bai tsaya ba. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, sai da aka ƙara gaɓa biyu sannan sautin ya yanke ɗif.

"Ga rashin iyawa, ga rashin kunya!" Ya miƙe tsaye. "Wa ya bar wannan ya shigo? Kasuwar kifi ta fi dacewa da shi. Ku ba shi hankici ya tafi."

"Ka ce kana gane mutum," in ji Marijke a hankali. "Wane ne?"

"Namiji ne, ya haura hamsin. Ya daɗe bai zauna ya yi atisaye ba, tsohon suna yake ci. Duk ƙungiyar da ke riƙe da shi, tausayi ne."

"A'a ke nan?"

Ya ja hanci. "A'a sau uku."

Mai sarewa ya cusa fuska cikin hularsa, kafaɗunsa na rawa. Marijke ta tashi, ta hau dandamali, ta kama bakin labulen.

"Sai ka zaɓa, Tjeerd. In kunnen ya yi ƙarya, lamba uku ta samu kujera. In kuwa bai yi ba, kujera biyu muke nema."

Ta ja labulen. Babu kowa a kan dardumar sai Sjoerd a tsugune kusa da lasifika, da takarda manne a jikinta, an rubuta da fensir: "Tjeerd, Alhamis."