Jan Zare a Hannun Kubura

Tun da aka kafa dokar awon ƙashi, yaro ba ya taka filin ƙwallon kwando sai na'ura ta faɗi tsawon da zai kai. Mai tsawo a ɗaura masa koren zare a hannu, gajere kuma ja. Ni ke ɗaurawa a unguwarmu. Shekara uku ke nan da na ɗaura wa 'yata Saude koren da na'ura ta ba Kubura, 'yar maƙwabcina Malam Tanimu tela. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna.

Yau da hantsi Malam Tanimu ya yi sallama, da ƙwallo a hammata.

"Malam, na ji gobe masu zaɓen 'yan wasa za su duba Saude. Ga ƙwallon Kubura, ta ce a ba ƙawarta."

"Da ka bar mata abinta," na ce.

"Ta yi me da shi? Na'ura ba ta ƙarya. Ke Kubura, shigo ki gai da babanki mana."

Ta shigo da jan zarenta a hannu. Sai da ta sunkuya kafin ta wuce ƙofar zaurena. Ta durƙusa ta gaishe ni.