Tudun Kan Iyaka

"Me ake koya miki a jami'ar nan, in ba ki iya juya ruwa ba?" Baba ya daka mini tsawa, yana nuna tudun ƙasar da ƙaninsa ya tara a kan iyaka. Saboda tudun nan, kowace damina ruwa ke kwanciya a gonarmu, citta ta ruɓe.

Na fi Baba tsanar Baba Ƙarami. Tun da Kaka ta rasu aka raba gona ba ma gaisawa. Ko a coci, in ya zauna dama, mu sai hagu.

A darasin motsin ruwa, a Kafanchan, an koya mana cewa in ka matse wa ruwa hanya, gudunsa ƙaruwa yake. Na auna gangaren har bakin iyaka na tsaya, don ƙafarmu ba ta taka ƙasarsa. Muka haƙa lambatu mai faɗin baki da tsukakken ƙarshe, muka saita shi a kan tudun.

Ruwan Agusta ya sauko, tudun ya fashe. Baba ya yi ta dariya har da tafi.

Da aka ɗauke ruwan, Baba Ƙarami ya tsallako iyaka, jikinsa duk laka, rungume da wani gicciye.

"Yaya," ya ce, "ka ɗauka citta nake tare wa ruwa?"

Ya ajiye gicciyen a gaban Baba. Na kan kabarin Kaka ne da ke bayan tudun, sunanta a jiki.