Mai Ƙyalle a Wuya

Ranar Talata mutumin ya sake dawowa, ya tsaya gaban mahautar da ke kallon shagon Chaibou a unguwar Château Rouge, a babban birnin Faransa. Baƙar fata ne dogo, ya rame har kwat na yi masa rawa a jiki. Baƙin tabarau, hula ta rufe goshi, ga ƙyalle naɗe a wuya alhali ana tsakiyar zafin watan Yuli na 1987. Ba ya sayen komai, ba ya gaida kowa.

Chaibou ya daɗe yana sayar da atamfa da shadda a unguwar nan. Ya san tsayuwar ɗan sandan farin kaya, ya san ta dillalan ƙwaya, amma wannan ya rasa inda zai aje shi. Abu guda ya lura da shi: duk inda ƙanensa Maazou ya yi, fuskar baƙon na biye da shi.

Dama Maazou ya jima yana ba shi tsoro. I'ina gare shi tun suna yara a Damagaram, kafin ya haɗa gaisuwa mai saye ya gaji ya wuce, shi ya sa ya zama marar magana. Sai dai wasu ranaku yakan ɓace tun safe, ya dawo da yamma murya a dishe, ya dama citta da zuma ya sha. In an tambaye shi sai ya ce, "A-a-aiki ne, Yaya."

Ko ran Asabar ba ya zama cikin mutane. Ranar ce 'yan unguwa ke cika bayan shago don kallon Kyaftin Mabry a tele, kuma Chaibou ne sarkin masoyan Lowell Tarrant, Ba'amurken da ke fitowa a matsayin kyaftin ɗin. Tarihinsa a kansa yake: ɗan mai wankin mota ne, ya fara kaɗa piyano a coci, ya yi ta yawon kiɗa gari gari har wani mai shirya fim ya gan shi. "Ba'amurke ne fa," in ji Chaibou, "amma ku ji Faransanci kamar ana zuba mai!" Da an saki kiɗan buɗe shirin, Maazou zai miƙe ya ce bari ya tsare ƙofa. Tun bara aka daina kawo sababbi, jaridu suka ce Tarrant ba shi da lafiya, sai maimaita tsofaffin ake yi.

Ran Alhamis baƙon ya ƙetaro titi. Chaibou na kallo ta gilashi, mutumin ya riƙe hannun Maazou, ya ɗan sauke tabarau. Maazou ya sandare. Suka sha kwana tare, Maazou bai dawo ba sai bayan la'asar, idanu jajur.

"Wane ne wancan?"

"Ba-ba kowa. Lahadi zan je Lyon, wu-wurin Zouera."

Chaibou ya buga wa ƙanwarsu Zouera waya a unguwar Minguettes, can gefen Lyon. Bayan gaisuwa ta ce, "Maazou? Yaya, rabona da jin muryarsa tun ƙaramar salla. Bai ce mini yana tafe ba."

Chaibou ya aje waya. In aka kama yaron nan da wani mugun kaya, takardun zama sun tafi, shago ma ba zai tsira ba. Kuma da wane baki zai gaya wa tsohuwarsu, wadda ta damƙa masa amanarsa?

Lahadi da safe ya bi shi a ɓoye har tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. Baƙon na can yana jira da 'yar jakar fata. Chaibou ya shiga jirgin, ya laɓe bayan jarida daga nesa. Duk tsawon hanya kawunansu a haɗe suke. Baƙon na ta motsa leɓe, ko raɗa ba ta fita, Maazou kuwa ya ƙura wa bakinsa ido yana gyaɗa kai, kamar mai haddace umarni.

A Villeurbanne, daf da Lyon, suka shige ta ƙofar baya ta wani babban zauren wasa. Mai gadi ya tare Chaibou, ya zagaya gaba, ya tarar da dogon layi da rana tsaka. A bango ga hoto ƙato: Lowell Tarrant, kiɗan bankwana.

Ya ƙura wa hoton ido. Ashe wannan bawan Allah suka zo yi wa ta'asa? Ya yanki tikiti, ya sami kujera can gefe kusa da dandamali, yana ta raba ido cikin jama'a ko zai hango su kafin su aikata.

Aka ɗaga labule. Baƙon ne ya fito, ya cire hula, ya cire tabarau, zauren ya ɗauki tafi. Chaibou ya riƙe kujera. Ciwo ya cinye fuskar, amma ta Tarrant ce. Mai gabatarwa ya ce likitoci sun cire masa maƙogwaro, ko tari ba ya yi da sauti, yau yatsunsa ne za su yi magana.

Suka kuwa yi. Da ya gama ya miƙe, ya dafa piyano, ya buɗe baki. Sai ga muryar Kyaftin Mabry ta cika zauren, mai kauri, mai santsi, tana bin leɓunansa daidai wa daida. "Merci, mes amis," ta ce, wato na gode, abokaina, ta gode wa Faransa da ta riƙe shi ɗa, ta roƙi a yafe masa. Mata suka fara share hawaye.

Chaibou ya waiga gefen dandamali don ya ga inda sautin ke fitowa. A bayan labule, riƙe da makirufo, idonsa kan bakin Tarrant kamar yadda ya saba shekara da shekaru a ɗakin da yake ɗora wa Kyaftin Mabry muryar Faransanci a ɓoye, Maazou ne ke magana, ko harafi ɗaya bai sarƙe masa ba.