Manhajar Da Ta Fi Maƙwabta Gulma

Wayar mai walda ta yi ƙara daidai lokacin da yake rantse wa abokan aikinsa cewa tun da matarsa ta yi fushi ta koma gidan yayarta, ko sau ɗaya bai tuna da ita ba.

"Ni fa ƙarfe nake narkarwa, ba a narka ni," in ji shi, sannan ya ɗaga wayar.

Ƙaninsa ne, yana dariya har da tari. "Yaya, sannu da jarumta. Manhajar nan da kake sauke waƙoƙi kyauta, ka karanta abin da ta tambaye ka kafin ka danna 'na yarda'?"

"Kayan kyauta har sai an yi masa karatu?"

"To ta kwashe lambobin da ke wayarka kaf. Duk waƙar da ka kunna sai ta tura wa kowa, da sunanka a sama. Kwana da kwanaki waƙa ɗaya kake ji, ta mutumin nan mai kuka yana roƙon masoyiyarsa ta dawo. Kawu ma ya ce a yi maka sannu."

Mai walda ya waiga. Abokan aikin duk sun duƙufa kan ƙarafa, kafaɗunsu na rawa. Ashe har da lambobinsu.

Yana laluben inda ake goge manhajar, gumi na tsiyayo masa, sai ga saƙon matarsa ya shigo: "Gobe zan dawo. Ba wai na huce ba ne, waƙar ce ta ishe ni."