Tabarma a Wajen Katangar Baje Koli

Ke da kika zo mini ido jajir, wai mutum ɗari biyu kaɗai ke bin shafinki, na maƙwabciyarki kuwa ya haura dubu talatin, ajiye wayar nan ki ba ni kunnenki.

An yi wata mai sana'ar dambun nama, mace mai kafiyar tsiya, in ta ce a'a ko limamin unguwa aka turo sai dai ya sha ruwa ya koma. Tana da ɗan shafinta a intanet, ba wani ƙyale-ƙyale a ciki. Hoton dambun da rana tsaka ta ɗauka a farin faranti, ta rubuta farashi ɓaro-ɓaro a ƙasansa, lambar wayarta kuma a can sama inda ko mai hakiya zai gani. Ta hana a cusa masa bidiyo da kiɗa, don ta san rabin masu sayenta a ƙauye suke, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kafin shafi mai nauyi ya buɗe mutum ya yi zuciya ya tafi. Sunan ma ba ta yi masa Turanci ba. Abin da mai kwaɗayi zai rubuta in yana nema shi ta sa: dambun nama, sai sunan garinsu. Wanda ya yi mata magana tana amsawa ko da muciya a hannunta, wanda bai iya karatu ba ta aika masa da murya, da gaisuwa har da tambayar iyali. Mabiyanta ɗari uku da 'yan kai ne kacal, amma ta san wadda ba ta son yaji, ta san mai aika wa 'yarsa makarantar kwana.

Shekara shida tana samun rumfa a baje kolin garinsu, wanda ake yi kwana uku. A ta bakwai ma ta yi shiri, ta zuba jarinta kaf ta sa aka yanka sa guda, ta dafa, ta daka, ta soya, ta cika robobi. Ana saura kwana huɗu sai kwamiti ya ɓullo da sabuwar doka: rumfar dambu ɗaya ce, kuma wadda ta fi yawan mabiya za a ba, wai ita za ta jawo jama'a. To akwai wata sabuwar shiga sana'ar mai mabiya dubu arba'in, kowa kuma ya san sayensu aka yi. Mutumin da ya sayar mata da su ya taka har zauren mai dambun nan mai kafiya, ya ce kada ta damu, kafin gobe zai tara mata dubu hamsin. Hankalinta ya tashi, wannan ba ƙarya. Dambu ba atamfa ba ne da za a ninke a ajiye sai baɗi. In ya jima man ya juya, sa guda ya tafi a banza ke nan. Ta daɗe tana kallon robobin nan jere a tsakar gida. Can ta ce, "Malam, dubu hamsin ɗin nan, akwai mai haƙori a cikinsu?" Ya yi dariya ya ce ai lamba ce kawai, Hajiya. Ta ce to ita nama take sayarwa, ya ja takalmansa ya ba ta wuri.

Aka ba waccan sabuwar shigar rumfa, aka ɗaura mata ƙyalle mai ɗauke da sunanta. Ranar buɗewa mai dambu ta naɗe tabarma, ta ɗora robobi a Keke Napep, ta je ta shimfiɗa a gindin wata darbejiya a wajen katanga, inda ikon kwamiti bai kai ba. Masu wucewa suna ƙus-ƙus, wai an kore ta ta ƙi koruwa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ƙwalla ta taru, ta haɗiye abarta. Ta ɗauki hoton tabarmar ta sa a shafi, ta rubuta layi ɗaya: ban sami rumfa ba, ina gindin darbejiya ta ƙofar gabas har la'asar sakaliya.

Wallahi kafin azahar wurin ya cika. Wannan ta zo da ƙannenta biyu, wancan direba ya ajiye mota ya sayi na tsaraba, wadda ke ƙauye ta kasa zuwa ta tura wa 'yar uwarta saƙon ta ce je ki saya mini. Ba ɗari ukun ne suka zo duka ba, amma kusan kowa ya riƙo hannun wani. Layi ya toshe ƙofa har mai gadi yana roƙon a matsa. A ciki kuwa waccan baiwar Allah ta sanar wa dubu arba'in ɗinta tun safe, ta zauna tana korar ƙuda, tana leƙa waya. Wa zai zo, alhali babu su?

Rana ta biyu da la'asar mai dambu ta kaɗe tabarmarta, ko roba ɗaya ba ta rage ba. Sai ga shugaban kwamiti ya fito da kansa yana sosa ƙeya, wai an samar mata wuri a ciki, ta shigo gobe. Ta saɓa tabarmar a kafaɗa ta ce, "Na gode, Alhaji, sai dai ban da abin kawowa."

Saboda haka share fuskarki, ki koma ki kula da ɗari biyunki. Da haihuwar yuyuyu, gara ɗaya ƙwaƙƙwara.